Wa Kuka Je Gani?

Akwai wani katin rangwamen jirgin ƙasa a Birtaniya da ba a yi wa mutum ɗaya. Sunansa Two Together. Mutum biyu ke mallakarsa, da sunayensu da hotunansu a jiki, a kan fam 35 a shekara. Duk tikitin da suka yanka ana rage musu kashi ɗaya cikin uku, da sharaɗin su shiga tare su sauka tare. In ɗaya ya kama hanya shi kaɗai, rangwame ya tashi. Ranakun aiki sai ƙarfe tara da rabi na safe ta wuce yake amfani, Asabar da Lahadi kuwa ko da asuba ne. Ba a neman shaidar aure, ko abokai biyu suka nema za a yi musu, amma cikin 'yan Arewan da na sani a Manchester, duk mai wannan kati hoton matarsa ne kusa da nasa.

Mu ma muna da shi. Maigidan yana karatun digirin digirgir, ni kuma ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kamar da yawa daga cikin matan da suka biyo mazajensu. Tun Janairun 2024 gwamnati ta hana masu digiri na biyu na shekara ɗaya tahowa da iyali, sai masu karatun bincike irin nasa, don haka sababbin ma'aurata sun ragu a cikinmu. Aikin tsofaffi kuwa bai san Asabar ba, bai san Lahadi ba. Ranar da aka liƙa jadawalin wata, abin da nake fara nema shi ne Asabar ɗin da babu sunana. In na same ta sai in ɗauki hoto in tura masa, shi kuma ya shiga duba hasashen yanayi da kuɗin tikiti.

A Zariya, inda muka fito, kowace fita da sunanta: biki, suna, dubiya, gaisuwar mutuwa, barka da sauka, asibiti. Ko can ɗin ma, da mun isa ƙofar gida mun rabu, shi ya nufi rumfar maza, ni in shige ciki, sai an tashi a aiko yaro ya ce ana jirana a mota. Da yamma yana majalisa da abokansa, ni ga 'yan'uwa, ga maƙwabta, ga masu shigowa tambayar ko akwai ƙanƙara. Babu wanda ya rasa abokin hira, saboda haka babu wanda ya nemi na kusa da shi ya zama komai da komai. Mun yi shekaru da aure ban san irin tafiyarsa ta ƙasa ba. A nan na gane cewa sauri gare shi, yana goya hannu a baya, kuma ba ya iya wuce allon bayani sai ya karanta shi tun daga sama har ƙasa. Shi kuma a nan ya gane ba na son kare ko da na cikin jaka ne.

Da farko yana gaba ina biye, kamar yadda muka saba. Lema ce ta gyara mana wannan, domin guda ɗaya muke ɗauka. Ruwan Manchester ba ya sallama, babu hadari, babu cida, babu iskar nan mai sa a kwashe shanya. Yayyafi ne siriri da zai iya wuni yana zuba. A gida ruwa uzuri ne karɓaɓɓe, in ka ce ruwa ya tsare ka an gama magana. A nan wanda ya ce sai an ɗauke zai fita, to ya shirya zaman ɗaki har baɗi.

Wurin da muka fi zuwa shi ne Edale, wani ɗan ƙauye a yankin tsaunukan Peak District. Daga tashar Piccadilly, a jirgin da ke bin kwarin Hope zuwa Sheffield, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Kana sauka za ka ga tuddai kore shar, an yanka su gona gona da katangun duwatsu da aka jera ba siminti ba laka. Sai tumaki, ko'ina tumaki, kowace da shafen fenti a gadon baya, ja ko shuɗi, alamar mai ita. Babu makiyayi, babu sanda, babu yaro mai tsaro. Maigidan ba ya ganin tunkiya ya ƙyale. Sai ya tsaya ya ƙare mata kallo ya ce, "Hajiya, wannan da a kasuwar Tudun Wada ne ana jajiberin Babbar Salla, nawa kike jin za a yi mata kuɗi?" In ce, "Malam, tunkiyar mutane ce, mu wuce."

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne hanyar da muke bi ta tsakiyar gonar wani take ratsawa. Ka buɗe ƙyauren katako, ka shiga cikin dabbobinsa, ka rufe, ka fita ta wancan gefen, kuma doka ce ta ba ka wannan dama muddin ba ka kauce wa turbar ba. Hawa saman tudun kansa sai da aka sha rigima kafin talaka ya samu. A watan Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchester, suka hau Kinder Scout, tudun da ke bisa Edale, da gangan ba izini, domin masu ƙasar sun killace shi don farautar tsuntsaye. Aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. A 1951 yankin ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya. Duk wannan daga bakin mai karanta alluna na ji shi, muna tsaye cikin sanyi. Ni dai burtali ya faɗo mini a rai, da yadda namu ke shigewa cikin gonaki shekara bayan shekara.

A kan tudun nan kuma Bature yake gaisuwa. Mutumin da za ku zauna kujera ɗaya a bas bai ɗago kai ba, in kuka haɗu a turbar Edale sai ya yi murmushi ya gaishe ka, har ya ƙara da maganar yanayi. Tsofaffi sun fi yawa, miji da mata, takalmansu duk taɓo, kowa da sandarsa. Wasunsu sun girmi waɗanda nake yi wa wanka a wurin aiki.

Guzurinmu ba ya canzawa: shayi mai citta da kanumfari a fulas, burodi, da dambun naman da na yi da kaina. Doka ta hana shigo da nama daga Najeriya, don haka kilishi sai dai a tuna da shi. Yaji kam yana isowa, kuma shi ke fid da mu kunya. Shagon shayin ƙauyen ba laifi, amma duk wanda bai daina lissafin naira a ka ba, kofi ɗaya zai tsaya masa a wuya.

Ranar nan muna zaune kan dutse sai surukata ta kira ta WhatsApp. Maigidan ya juya wayar ya nuna mata kwari da tumaki. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Masha Allah. Wa kuka je gani?" Ya ce, "Ba kowa, Inna." Ta ce, "To me kuka je yi?" Ya ce yawo ne kawai. Ta ce ya ba ni wayar. Na gaishe ta, ta amsa, sannan ta rage murya: "'Yar nan, lafiya dai kuke ko? Ba wani abu ne ya faru ba?" Na rantse mata lafiya lau. Ta ce to Allah Ya kyauta, amma mu koma gida kafin magariba. Ban ga laifinta ba. A saninta, mata da miji ba sa barin ɗakinsu su hau dutse cikin ruwa sai da dalili, kuma dalilin ba ya zama na daɗi.

Maganar magariba kuwa gaskiya ta faɗa, ko da ba ta san iyakar gaskiyarta ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Manchester kafin ƙarfe huɗu na yamma. Azahar da la'asar da magariba duk suna cunkushe cikin 'yan awoyi, ka idar da wannan, kafin ka naɗe darduma waccan ta shigo. Fitar hunturu da salla ake tsara ta: ina za a yi alwala, ina za a samu lungun da ba jiƙe yake ba. Gorar ruwa ta zama buta, manhajar waya ta zama mai nuna alƙibla. A watan Yuni kuma sai wajen tara da rabi na dare rana take faɗuwa, ka dawo daga yawo a gajiye ka zauna jiran isha'i kana gyangyaɗi. Agogon ma sau biyu ake taɓa shi a shekara. Daga ƙarshen Maris lokacinmu ɗaya da na gida, daga ƙarshen Oktoba kuma gida ya riga mu da awa guda, kuma kullum sai an sami wanda ya kira mu tun ba mu tashi ba. Akwai muhawarar da ba ma gamawa, ta ƙasaru. A Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48. Edale ba ta kai ba, Liverpool ma haka, York ta kai har ta wuce. Ina zargin son da yake wa York ba don ganuwarta ba ne kaɗai.

Liverpool kam salla ce ta fara kai mu. A Brougham Terrace akwai gidan da Abdullah Quilliam, wani lauya ɗan garin da ya musulunta bayan ya je Maroko, ya mayar masallaci a 1889. An gyara shi an sake buɗewa a 2014. Ɗan ƙaramin wuri ne, in ba a nuna maka ba sai ka wuce. Shi wannan Quilliam har Legas ya je a 1894, wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Daga nan muka gangara bakin ruwa, iska ta kusa raba ni da mayafi, muka ci soyayyen kifi da dankali a tsaye, tsuntsayen teku suna shawagi suna jiran wanda zai yi sakaci.

In aljihu ya yi sanyi, ko aka wayi gari ana gyaran layin dogo an ce a hau bas a madadin jirgi, abin da ya fi faruwa ran Lahadi, sai mu tsaya cikin gari. Manyan gidajen tarihi na ƙasa kyauta ake shiga tun 2001. Na kimiyya da masana'antu yana harabar tsohuwar tashar jirgi ta Liverpool Road, wadda aka buɗe a 1830. A ciki akwai injinan kaɗi da saƙa na zamanin da auduga ta gina Manchester. A garin nan aka kafa kamfanin BCGA a 1902 don nemo wa waɗannan masaƙu auduga, shi ne ya zo ya kafa injinan gurza a Zariya da Funtua. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za ta cika taragu, sai manoman Kano suka duba farashi suka shuka gyaɗa. Kakan maigidan manomin auduga ne. Ya daɗe tsaye gaban injin nan, ni kuma na samu benci na huta.

Lahadi tana da nata sharaɗin. Dokar 1994 ta ce manyan kantuna a Ingila awa shida kawai za su buɗe, don haka wajen huɗu ko biyar an ja ƙofa. Wanda ya yi nauyin jiki sai ya nufi Rusholme, kan titin Wilmslow, inda shagunan 'yan Pakistan da Larabawa da Kurdawa ke kaiwa dare. Can muke sayen naman halal da kuɓewa, shi yana jan jakar cefane mai taya. Mutumin da a Zariya bai san kuɗin tumatir ba, yanzu ya san shagon da attaruhunsa ya fi arha.

Kada a ɗauka duk daɗi ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Idan mutum ɗaya ne majalisarka, shi ne danginka, shi ne maƙwabcinka, to ranar da kuka ɓata ba ka da kowa. A gida in raina ya ɓaci ina da ɗakin yayata, shi yana da bencin ƙofar gida, kafin dare zuciya ta sauka. A nan falo ɗaya ne da ɗaki ɗaya, waje kuma sanyi. Mun taɓa saɓawa a York kan abin da bai taka kara ya karya ba, wai wa ya ce a bi ta wannan titin. Na so in kama jirgina in dawo ni kaɗai, sai na tuna tikitin na mutum biyu ne. Haka muka zauna kujera ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Sai wajen Huddersfield ya miƙo mini fulas ba tare da ya dube ni ba, na karɓa. Wannan ba ya shiga hotunan da muke ɗorawa. Masu kallo daga gida tudu kore suke gani da jaket mai kyau, washegari kuwa saƙonni su shigo, ana taya mu murna ana kuma tuna mana kuɗin makarantar wane.

Karatunsa ya kusa ƙarewa, kuma jami'arsa tana jiransa. Ya ce in mun koma ba za mu daina ba, duk Asabar za mu riƙa zuwa dutsen Kufena, mu ajiye mota nesa mu taka. Na ce, "Malam, kafin mu yi rabin hanya mutum nawa za su tsaya su tambaye mu ko mai ne ya ƙare?" Ya ce sai mu ce musu likita ne ya sa mu. Na tambaye shi wa zai faɗa wa Inna, ya ce wannan kuma aikina ne, tunda ta fi jin maganata.