Kawu ya tambaye ni: wa ya faɗi?

Kwanan baya wani abokina da munka yi lise tare, wanda ke aikin gwamnati a Yamai, ya miƙo mini littafin dokokin wasan golf, da Faransanci. Wasa ne da ake bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Wanda ya kai da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Ya ce mini wai an sauƙaƙa komi.

Na duba. A 2019 hukumomi biyu masu riƙe da wasan, R&A ta Birtaniya da USGA ta Amurka, sun rage dokokin daga 34 zuwa 24. Wanda ƙwallonsa ta ɓace, a da minti 5 ake ba shi ya nema, yanzu 3. Wanda zai sake aje ƙwallo, a da daga tsayin kafaɗa yake sakin ta, yanzu daga gwiwa. Madalla. Amma dokokin farko da anka rubuta a 1744 guda 13 ne kacal, littafin da ke hannuna kuwa ya haura shafi 100.

Ni dai ban taɓa riƙa sandar golf ba. Abin da littafin ya tuna mini shi ne kawuna, tsohon ɗan kokowa na wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa, cikin gundumar Tibiri. A zamaninsu, in an gama girbin hatsi, makaɗa su buga ganga, samari su shiga fage. Dokarsu ba ta wuce numfashi guda ba: wanda ya sha ƙasa an kada shi. Babu agogo, babu usur. Idon jama'a shi ne alƙali.

A 1975, zamanin Saini Kunce, anka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Jaharmu ta Doso ma ta samu rabonta, tun daga Salma Ɗan Rani, wanda filin kokowar Doso ke ɗauke da sunansa, har zuwa Isaka Isaka. Sai dai takobi bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da rubutacciyar doka, da alƙalai, da ƙayyadadden lokaci, da gargaɗi ga mai gudun kamu.

Wata shekara muna kallon gasar a tele, wurin wani mai shayi a Dogon Dutsi, ni da kawu. Ƙarfafa biyu sunka yi ta zagayen juna har lokaci ya cika. Alƙali ya ɗaga hannun ɗaya. Kawu ya juyo ya ce: “Ɗana, wa ya faɗi?”

Na ce: “Kawu, ba wanda ya faɗi. Wancan ya fi shan gargaɗi, doka ce ta kada shi.”

Ya yi shiru, kana ya ce: “To, sai a ba doka takobin.” Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Na bi shi da hujja. Jahohi 8, kowace da mutum 10: in babu agogo, yaushe za a gama da ƴan kokowa 80? In babu gargaɗi, mai tsoro sai ya wuni yana ja da baya. Kawu bai musa ba. Ya dai ce wasan da sai an yi wa tsohon ɗan wasa tafinta, ya fara fita daga hannun masu shi.

Tun ranar nake auna kowace doka da wannan ma'auni. Ku ƴan kasuwa kun san zancen: a ce an rage takardu daga biyar zuwa uku, amma har yanzu sai kun nemi mai karanta muku ukun. Ku ma'aikata masu rubuta doka, kada ku tsaya ga ƙidayar ayoyin da kunka soke. Ku kai takardar gindin bishiya, ku karanta wa tsoho irin kawu. In ya gane ba tare da ya juyo ya tambayi ɗansa ba, kun sauƙaƙa. In ya juyo, da sauran aiki.