Tambarin Islamiyya a Shagon Ɗab'i na Yelwa

Wanda ya saba da cinkoson maɗaba'un Kano zai ɗauka Bauchi ba ta da wannan hayaniya, har sai ya gangara Yelwa, gefen Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Shaguna ne ƙanana, janareta na ruri a bakin ƙofa, samari sun duƙufa kan kalanda, katin ɗaurin aure da fostar 'yan siyasa. Duk inda na leƙa CorelDRAW ake aiki da ita, manhajar nan ta kamfanin Corel na Kanada da ta fito a 1989.

A ɗaya daga cikinsu na tarar da shugaban wata Islamiyya ya kawo aikin kalandar saukar Alƙur'ani, tambarin makarantar kuwa ta WhatsApp aka turo masa. Yaron shagon ya ɗora shi a shafi, ya ja kusurwarsa don ya ƙara girma, nan take allo da alƙalamin da ke ciki suka yi dishi-dishi.

"Malam, wannan hoto ne, ɗigo-ɗigo aka haɗa. Babu ainihin fayil ɗin?"

"Wallahi ɗana, wanda ya zana mana ya bar gari."

Yaron bai ƙara magana ba. Ya shiga dasa ɗigo a bakin allon, yana lanƙwasa layi tsakaninsu da linzami, har tambarin ya sake tashi garau. Irin wannan zane kwamfuta ba ta adana shi a matsayin hoto. Lissafi take riƙewa: inda layi ya taso, inda ya karkata, da launin da ya cike tsakiya. Shi ya sa ko a hatimi aka sa shi ko a allon talla na bakin titi, kaifinsa ɗaya. Muddin zanen bai cika inuwa da kwalliya ba, ya zo a SVG, EPS ko PDF, lafiya lau yake shiga shafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kulawarsa da haruffa masu ƙugiya. Kafin ya zuba aikin a filas ya mayar da duk rubutun ya zama zane, domin in kwamfutar maɗaba'a ba ta da salon harafin, ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe su zama akwatuna. Ya kuma adana fayil ɗin a tsohon zubin CorelDRAW, tunda tsohuwar manhaja ba ta buɗe na sabuwa. Malamin dai kuɗin kalanda kawai ya biya, ban ji an yi zancen ladan zanen ba, kuma hakan ya tsaya mini a rai.