Tsohuwar Kwamfutata da Ƙurar Hunturu

Ɗalibai da yawa a Nima da Maamobi kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo suke amfani da ita. Tawa ma haka take, kuma duk darussan nahawun da na tara a cikinta suke. Da ta soma zafi tana mutuwa da kanta, sai na kwafe darussan tukuna, sannan na kai ta Tip Toe Lane, daura da Circle. Ashe ƙurar hunturu ce ta toshe fankar. Mai gyara ya share ta, ya sa SSD, ya ƙara RAM daga giga 4 zuwa 8. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, na koma Linux. Ƙ, ɗ da ɓ kuwa suna fitowa daidai.