Maigida Ya Koma Mataimaki

Bob Bradley ya buga ƙwallon ƙafa a jami'ar Princeton ta ƙasar Amurka. A 1983 ya zama mataimakin Bruce Arena, mai horar da ƴan wasan jami'ar Virginia. Daga 1984 zuwa 1995 shi ne babban mai horo a Princeton.

A 1996 sai ya bar kujerar, ya koma ƙarƙashin Arena a ƙungiyar D.C. United. Jama'a, abu ne mai wuya wanda ya saba ba da umurni ya koma karɓa. Sau biyu suka ci kofi, amma sunan Arena ake kira.

A 1998 shi ne babban mai horo a ƙungiyar Chicago Fire. A wasan ƙarshe ya gamu da tsohon maigidansa, ya ci shi 2 da 0.