Haƙori Ɗaya Ya Sauya Mini Babur!

Jama'a, ku tsaya ku ji! An cire wa babur ɗina haƙori ɗaya tak, ya dawo kamar an sake masa inji, kuma tun da na sauko daga kansa nake neman wanda zan ba labari.

Honda CRF250L nake hawa, irin babur ɗin nan mai dogayen ƙafafu da aka ƙera don ya hau kwalta ya kuma shiga daji. A kan titi ba ni da ƙorafi. Amma da zarar na bar kwalta na faɗa rairayin hanyoyin ƙauyukan Jigawa, sai a fara kokawa. Giya ta ɗaya ta yi masa gudu a inda ake son lallaɓawa, ta biyu kuwa inji na shirin mutuwa. Hannuna kullum a kan kuloci, ina saki ina kamawa har yatsu su sage.

Na kai kuka wurin bakanikena. Da ya gama sauraro, ya tsuguna ya nuna ƙaramin sufuroket na gaba, wanda ke jan sarƙa daga bakin inji. Ya ce, "Oga, naka haƙori 14 ne a gaba, 40 a baya, haka kamfani ya sako shi. Mu sa 13 ka gani."

Ga lissafin da ya buɗe mini ido. Ka raba haƙoran baya da na gaba: 40 a raba da 14 ya ba ka kusan 2.86. Ma'ana sai na gaban ya juya sau 2.86 kafin tayar baya ta zaga sau ɗaya. Da 13 kuwa ya koma 3.08. Ƙarin kusan kashi 8 cikin 100 ke nan na ƙarfin da ke isa taya, a kowace giya, ba tare da an taɓa cikin inji ba! Duk wanda ya taɓa ganin mai injin niƙa ya sauya fule don ya rage gudu ya ƙara ƙarfi ya riga ya san sirrin.

Da aka sa 13 ɗin na hau, na nufi yashin nan da ya saba kayar mini da gaba. Allahu akbar! Na saki kuloci gaba ɗaya a giya ta biyu, babur na tafe yana huci a hankali, taya na haƙa tana turawa, ba shaƙewa ba gargada. Wurin da na saba sauke ƙafa na wuce a tsaye kan matakan ƙafa na babur. Gangaren fadama ma inji ne ya riƙe ni, da ƙyar na taɓa birki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kan kwalta: giya ta shida, wadda a da take sanyi idan iskar hunturu ta taso mini ta gaba, yanzu ta riƙe gudunta daram.

Amma fa da abin da ka biya. Inji na juyawa fiye da da a gudu iri ɗaya, don haka doguwar tafiya ta ƙara ƙara da girgiza, shan mai ma ya ɗan ƙaru. Mitar gudun wannan babur daga akwatin giya take ɗaukar lissafi, shi ya sa yanzu takan nuna fiye da abin da kake yi. Kuma ƙaramin sufuroket na sa sarƙa ta lanƙwasa sosai, ta fi saurin ci, ta riƙa gogar robar da ke kare ƙarfen da ya riƙe tayar baya.

Shi ya sa wasu ke barin gaban yadda yake su ƙara na baya. Haƙori ɗaya a gaba daidai yake da kusan 3 a baya, sai dai babban na baya kan buƙaci sarƙa mafi tsayi. Masu Kawasaki KLR650, mai giya 5 da ke zuwa da 15 da 43, su kuma sama suke yi: sukan sa 16 a gaba don inji ya huta a dogon titi. Ni dai ra'ayina, wanda rabin hanyarsa yashi ne ba shi da dalilin zama da haɗin kamfani.

Kafin in tafi bakanike ya ja mini kunne. Lambar sarƙa da ta sufuroket su zama ɗaya, tawa 520 ce. Kada a ɗora sabon sufuroket a kan tsohuwar sarƙar da ta miƙe, za ta cinye shi nan da nan. A kuma bar wa sarƙa sassauci, domin irin wannan babur idan ya dira a rami sarƙar ɗaurewa take yi. Na riga na ce ya nemo mini 42 na baya, ina so in gwada shi da 13 ɗin kafin damina ta mai da hanyar fadama taɓo.