Mu Ne Muka Rubuta Saƙon

Mu huɗu ne 'yan aji biyu, unguwarmu ɗaya, kuma akwai abin da muka yi a zangon da ya wuce wanda har yau yake damunmu. Malamin kulob ya ce mu rubuta, amma ban da sunan kowa.

A unguwarmu manya da yawa suna da waya, amma rubutun boko yana ba su wahala. In za su tura saƙo sai su ƙwala mana kira: "Ɗan makaranta, zo ka rubuta mini." Mun rubuta saƙon ɗaurin aure, na ta'aziyya, har da na bin bashi. Wata rana a ba mu naira hamsin, wata rana a sa mana albarka kawai.

Sai ƙaramar hukuma ta ce masu tebur su tashi daga bakin titin kasuwa, don sun tare hanya kuma sun toshe magudanar ruwa. Ba ƙarya ba ne, da damina sai mun cire takalmi muke wucewa ta wurin. Amma a nan mahaifiyar ɗayanmu take suyar awara, a nan kuma kawun wani cikinmu yake sayar da kayan miya tun kafin a haife mu. Wurin da aka ce su koma yana bayan kasuwa, kusa da bola, inda ba mai bi. Labari ya bazu cewa kansilanmu yana cikin waɗanda suka amince.

Lambarsa kowa yana da ita, shi da kansa ya raba ta lokacin kamfe. A daren nan aka yi ta kiranmu gida-gida. Saƙonnin farko da sauƙi: ka ci amana, za ka dawo neman ƙuri'a, Allah ya isa. Muna rubutawa muna dariya, muna jin mu ma mun zama 'yan siyasa. Daga baya abin ya ƙara zafi. Aka zagi iyayensa. Wani ya ce a rubuta, "Mun san gidanka." Wani ya ƙara da cewa, "Mun san makarantar da 'ya'yanka suke." Muka rubuta, muka tura. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa makarantar nan ita ce tamu, kuma 'yarsa ajinmu ɗaya.

Kwana uku ba ta zo makaranta ba. Ranar da ta dawo, yayanta ne ya rako ta har bakin ƙofa, aka tashi kuma ya zo ya ɗauke ta. Lokacin tara ta zauna ita kaɗai ba ta sayi komai ba. Da ƙawayenta suka matsa mata, sai ta ba da labari, muna bencin baya muna ji. Ashe babanta yana barin wayar nan a gida in zai fita, ita ce take karanta wa mahaifiyarta saƙonnin da suka shigo. Ta ce ƙaninta mai shekara shida ya daina kwana shi kaɗai, ko mage ta taɓa ƙofa sai ya fashe da kuka. Sannan ta ce, "Ko wane ne ya rubuta, bai iya raba kalma ba. 'Munsan' ya rubuta a haɗe." Wannan kuskuren malamar Hausa ta sha zagaye wa ɗayanmu shi da jan biro. Muka sunkuyar da kai kamar masu neman wani abu a jaka.

A darasin zama ɗan ƙasa mun koyi cewa Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, jiharmu ta Kano tana da 44, kuma kowace mazaɓa tana da kansila ɗaya. Tsarin mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara, don haka maganar tebur aikinsu ce. Abin da littafi bai faɗa ba shi ne, a duk waɗanda ake zaɓa kansila ne kaɗai ba shi da inda zai ɓuya. Gwamna yana da 'yan sanda da doguwar katanga. Kansila masallacinmu ɗaya, mai shayinmu ɗaya, zaurensa a buɗe yake. Duk wanda ya ji haushin tsadar shinkafa ko rashin wuta, shi ne hannunsa yake kaiwa gare shi.

Ba mu ce manyanmu ba su da gaskiya ba. Cinikin awara ya ragu sosai, mun gani da idonmu, har kuɗin tara na abokinmu aka rage. Kansila ya yi alkawarin zai tsaya wa 'yan kasuwa, kuma bai tara su ya ji ta bakinsu ba kafin a yanke. Wannan laifinsa ne. Amma a duk saƙonnin da muka rubuta, babu ko ɗaya da ya ce ga abin da ake so a gyara. Shi bai ma ga yawancinsu ba, yarinya 'yar shekara goma sha uku ce ta karanta.

Da kawu ya sake miƙo waya ya ce a ƙara masa wani mai zafi, sai muka ce, "Kawu, me kake so ya yi maka?" Ya harare mu, ya ce yaran zamani ba su da kunya. Can ya ce yana so a kwashe bolar, a buɗe ƙofar baya ta kasuwa don mutane su riƙa bi ta wurin. Shi muka rubuta, muka sa sunan kawu a ƙasa. Washegari amsa ta zo: su zo sakatariya ranar Litinin, su da yawa.

Sun je. An kwashe bolar, ƙofar kuma har yanzu a rufe take. 'Yar ajinmu tana zuwa ita kaɗai yanzu, amma ba mu faɗa mata komai ba. Kullum ta nan bangon take wucewa in za ta shiga aji.