Furen Mako Guda Da Ke Tayar Da Ƙasar Japan Tsaye

A harabar wurin bautar Yasukuni, a tsakiyar birnin Tokyo, akwai wata tsohuwar bishiya da aka kewaye da shinge. Kowace shekara, da zarar watan Maris ya raba tsakiya, ma'aikatan hukumar duba yanayin sama ta ƙasar Japan sukan zo gindinta su ɗaga kai suna ƙidayar furen da ya buɗe, manema labarai da masu ɗaukar hoto kuwa sun yi cincirindo a bayansu. Idan ƙidayar ta tsaya a uku ko huɗu, sai a watse, a sake dawowa. Ranar da ta kai biyar ko shida, sai jami'in ya juyo ya ba da sanarwa cewa sakura ta buɗe a Tokyo, jama'a su kaure da tafi, gidajen rediyo da talabijin su ɗauki labari. Wanda ya san zaman jiran labarin ganin wata zai gane irin wannan zumuɗi.

Sakura ita ce bishiyar ceri ta ƙasar Japan. Ba don 'ya'yanta ake dasa ta ba, don furenta ne kurum. Irin da ya fi yawa yakan fitar da fure tun ganye bai fito ba, saboda haka sai ka ga bishiya fari fat da ɗan ratsin ruwan hoda tun daga ƙasa har sama, babu kore ko kaɗan. Al'adar fita kallon wannan fure ita ake kira hanami, watau kallon fure. Abin da ya ba ta daraja, ya kuma sa ta zama abin fargaba ga mai niyyar zuwa, shi ne ƙarancin kwananta. Daga ranar da aka ba da sanarwa zuwa ranar da bishiya za ta cika da fure, wajen mako guda ne. Bayan nan 'yan kwanaki kaɗan ne za ta yi cikin adonta, idan kuwa aka yi ruwa da iska a dare ɗaya, to, sai kuma baɗi. Mutum yana iya biyan kuɗin jirgi da na masauki tun watanni kafin lokaci, ya iso ya tarar da kore shar, fure na ƙasa ana sharewa.

Furen ba ya buɗewa a ƙasar gaba ɗaya rana guda. Daga kudu yake tasowa ya nufi arewa sannu a hankali, kamar yadda damina ke tasowa daga bakin teku. A tsibiran Okinawa, inda irin nasu dabam ne kuma ya fi ja, tun watan Janairu ake gani. Tokyo da Kyoto da Osaka sai ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu. Arewacin babban tsibirin Honshu sai ƙarshen Afrilu, gabashin Hokkaido kuwa har cikin watan Mayu. Akan nuna taswirar wannan tafiya a labarun yamma tare da labarin ruwa da iska. Ba abin wasa ba ne a wurinsu: a shekarar 2007, da aka sami kuskure cikin lissafin kwamfuta aka faɗi ranar da ba ita ba, sai da hukumar yanayin ta fito bainar jama'a ta nemi gafara. Tun daga 2010 ta bar wa kamfanoni masu zaman kansu aikin hasashe, ita dai tana riƙe da aikin ƙidaya da sanarwa.

Dalilin da ya sa tafiyar furen take lissafuwa haka kuwa shi ne, mafi yawan itatuwan da ke tituna da lambunan birane iri ɗaya ne, wanda ake kira Somei Yoshino. Masu rainon itatuwa na ƙauyen Somei, wanda yanzu birnin Tokyo ya haɗiye, su suka yaɗa shi a tsakiyar ƙarni na 19. Ba a shuka shi da ƙwallo, aure ake yi masa, a yanko reshe a ɗaura kan wani gindi, yadda ake yi wa mangwaro. Saboda haka duk itatuwan nan tamkar bishiya guda ce aka rarraba ko'ina, zafin da ya tashi ɗaya shi zai tashi sauran na garin a lokaci guda.

Al'adar ta girmi wannan iri nesa ba kusa ba. A zamanin da fadar sarki take birnin Nara, furen wata bishiya da ake kira ume masu sarauta suka fi yabo. Bayan da fada ta koma Kyoto a 794 ne sakura ta karɓi girma, kuma littattafan tarihin fada sun ambaci walimar kallon fure da Sarki Saga ya yi a lambun Shinsen-en a shekarar 812. Manoma kuwa tun can suna da nasu lissafi, domin fitowar furen alama ce cewa lokacin aikin shinkafa ya gabato. A 1598 babban jarumin nan Toyotomi Hideyoshi ya sa aka dasa itatuwa 700 a haikalin Daigo-ji na Kyoto, ya tara baƙi fiye da dubu, aka yi bikin da har yau ake labari. Wata biyar bayan haka ya mutu. Talakawa ba su sami rabonsu sosai ba sai a ƙarni na 18, lokacin da shugaban mulkin soja Tokugawa Yoshimune ya sa aka dasa sakura a tudun Asukayama da bakin kogin Sumida, aka ce kowa ya zo. Furen yana da nasa baƙin tarihi kuma. A yaƙin duniya na biyu sojojin Japan sun kwatanta matasan da suke aikawa su mutu da furen da ke zubewa yana tsakiyar kyansa, har suka laƙaba wa wani jirgin ƙunar baƙin wake suna Ohka, watau furen ceri.

Wanda ke son ya ga hanami irin ta talakawa, lambun Ueno na Tokyo zai nufa. Tun da asuba ake shimfiɗa shuɗin tamfol a gindin itatuwa don kama wuri. Ga shi kuwa ranar 1 ga Afrilu ce farkon shekarar kuɗi, makarantu ma a watan suke soma sabuwar shekara, shi ya sa aka san al'adar nan ta aiken sabon ma'aikaci ya je ya wuni kan tamfol yana gadi har manyansa su tashi daga ofis. Kowa yakan tuɓe takalmi kafin ya hau, kamar zai shiga ɗaki. A buɗe akwatunan abinci, a ci dango, wani ɗan curin garin shinkafa mai launi uku da ake tsirewa a tsinke, a yi ta hira da waƙa har a kunna fitilun takarda. Su kansu mutanen ƙasar suna da karin magana da ke zolayar wanda dango ya fi damunsa da fure. Sai dai giya tana gudana ƙwarai a Ueno, da dare kuwa hayaniya takan yi yawa. Mai iyali, ko wanda ba ya son zama inda ake sha, gara ya biya kuɗin shiga lambun Shinjuku Gyoen, inda aka hana shiga da barasa, ga fili, ga kuma iri-iri na sakura masu saurin fure da masu jinkiri, har wanda ya makara ma ba ya rasa abin gani.

A Kyoto akwai bishiyar nan mai rassa a zube kamar gashi a lambun Maruyama, wadda ake haska wa fitila da dare, da kuma hanyar ƙafa ta bakin magudanar ruwa da ake kira Hanyar Mai Falsafa. Suna da kyau, amma cunkoson baƙi ya kai inda mutum zai fi ganin ƙeyar jama'a da fure.

Dutsen Yoshino, a jihar Nara, shi ne uban tafiya. Daga Osaka sa'a ɗaya da 'yan mintoci ne a jirgin ƙasa. Itatuwa wajen 30,000 ne suka lulluɓe dutsen, kuma galibinsu ba 'yan aure ba ne, sakurar daji ce wadda furenta ke fitowa tare da jan tofo, kowace bishiya da launinta da ranarta. Masu ibadar kan duwatsu sun ɗauki itacen abu mai tsarki, shekaru aru-aru masu ziyara suna dasa shi a matsayin sadaka, babu mai sara. An kasa dutsen hawa huɗu, na ƙasa, na tsakiya, na sama da na can ciki, kowanne ana yi masa kirari da dubu. Da yake sanyi yana ƙaruwa da tsawo, furen hawa yake yi daga gindi zuwa ƙololuwa cikin makonni, wanda ya rasa na ƙasa sai ya ƙara hawa. Hanyar tana da tudu, sai mai ƙafa, amma daga sama idan ya waiwayo zai ga kwari cike kamar hazo ya sauka ya kwanta.

Sai dai kwanakin furen sun soma gocewa. Wani malamin jami'a a Osaka, Yasuyuki Aono, ya bi littattafan fada da na haikalai ya tattara ranakun cikar fure a Kyoto tun daga ƙarni na 9. Ɗaruruwan shekaru ranar tana yawo a wajen tsakiyar Afrilu. Daga ƙarni na 19 ta soma matsowa, saboda ɗumamar yanayi da zafin birni. A 2021 ta faɗo ranar 26 ga Maris, abin da ba a taɓa rubutawa ba cikin shekara 1,200, kuma a 2023 ta sake yin sammako haka. A can kudancin Kyushu matsalar ta juya: bishiyar tana bukatar sanyin hunturu kafin ta farka, idan bai isa ba sai furen ya fito a wargaje. Ga kuma tsufa, domin da yawa daga cikin itatuwan birane bayan yaƙi aka dasa su. Ga wani baƙon ƙwaro mai jan wuya da aka fara gani a jihar Aichi a 2012, wanda tsutsarsa ke cin cikin itace har ya bushe. Dangi ɗaya ne duka, cutar da ta kama ɗaya ba ta da shamaki.

Mutanen Hirosaki, a jihar Aomori da ke ƙarshen arewacin Honshu, sun nuna cewa tsufan yana da magani. An daɗe ana cewa Somei Yoshino ba ta cika wuce shekara 60 ba, kuma tsohuwar magana a ƙasar ita ce wawa ne ke sa wa sakura wuƙa. To, Hirosaki garin manoman tuffa ne, su kuwa datse reshe sana'arsu ce. Wajen shekarar 1960 masu kula da lambun tsohuwar fadar garin suka ari dabarar, suka riƙa yanke tsofaffin rassa, su shafe bakin yankan da magani, su zuba taki, sai sababbin rassa suka tofo da fure fiye da na da. Yau akwai itatuwa wajen 2,600 a lambun, ciki har da wadda aka dasa a 1882, tana nan tana fure. A ƙarshen Afrilu, kwana biyu ko uku bayan cika, iska takan kaɗo furen ya zuba cikin ramin ruwan da ya kewaye ganuwa, ya rufe shi ruf, har ba a ganin ruwa sai inda agwagwa ta ratsa ta bar layi. Mutanen garin da yawa wannan rana suke jira, ba ranar cikar ba.